Haƙora Biyu na Sama

Kwanan baya jikata ta kai ni asibiti aka cire mini matauni ɗaya da ya hana ni tauna. Ɗakin sanyi ƙalau, kujerar tana kwantawa da kanta, likitar kuwa yarinya ce da ba ta kai autata ba. Ta ɗauki hoton bakina, ta nuna mini saiwar haƙorin a jikin allo, ta ce da ni da Hausarmu ta zango, "Hajiya, wannan ya mutu, amma na kusa da shi zai iya kai ki wasu shekaru. In cire ɗaya ne ko biyu? Ke za ki faɗa." Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba. Jikata ta ɗauka tsoron allura nake ji, ta riƙe hannuna tana lallashi kamar ni ce jikar. Ba allurar ba ce. An tambaye ni ne kai tsaye, da harshen da nake ji, ba kowa a tsakanina da likita. Mahaifina bai sami wannan ba, kuma ni ce na tsaya a tsakani.

A Salaga na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. A lokacin ba mu san akwai likitan da ba ya duba komai sai haƙori ba. In haƙorin yaro ya yi girgiɗi, kaka ce za ta ɗaura masa zare ta fizge, ta ce ka rufe baki kada ƙadangare ya ga gurbin, in ya gani wani ba zai fito ba. Haka za mu yini muna zagaya rijiyoyin garin da hannu a baki, muna harar duk ƙadangaren da ya gyaɗa mana kai. In na babba ne ke ciwo, sai kanumfari, sai jar kanwa, sai garin taba a cusa a ramin. In duk sun gagara, a kira wanzami ya zo da awartaki a cikin zabirarsa, maza biyu su danne mutum a kan turmi, mu yara mu ruga bayan ɗaki mu toshe kunne. Da safe kowa da asuwakinsa a baki, mata na shara suna tauna, ana jin ƙarar guga tana bugun bangon rijiya, da kiran mai koko daga ƙarshen layi. Yanzu jikokina ba su san ɗanɗanon asuwaki ba, kuma ba su taɓa jin ihun babban mutum a hannun wanzami ba. Na farkon na yi musu baƙin ciki, na biyun na gode wa Allah.

Mahaifina limamin wani ƙaramin masallaci ne a zangon Yendi, wato unguwar baƙi da fatake. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta, abin da yake da shi bakinsa ne. A wajen mahaifinsa ya ɗauki karatu a Salaga, kuma tsohon ya horar da shi a kan fitar da haruffa har sai da kowane harafi ya zauna a gurbinsa. Mutanen zango kuwa kowa da harshen da ya taso da shi, wannan Dagomba, wancan Mosi, wancan Gwanja, ga namu Hausawa, kuma kowa yana jan karatu zuwa bakin garinsu. Baba shi ne mai gyara. Zai zaunar da ɗan kasuwa mai furfura a gabansa ya ce, "Buɗe bakinka in gani. Kan harshenka ya taɓa bakin haƙoran sama, ba ya ɓuya a baya ba. Sake." Mutumin ya sake sau goma, Baba bai gaji ba. Yakan ce harafi amana ne, yadda aka ba ka shi haka za ka miƙa shi. In ya ja sallar magariba, masu sayar da doya a bakin titi sukan rage murya. Da azumi kuwa mutane kan tsallake masallatai biyu su zo bayansa, har a shimfiɗa tabarmi a waje. Ba mu da rikoda a gida, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar muryarsa a kaset. Wa zai ɗauki abin da yake ji sau biyar a rana?

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da suna ba, sai dai "Uwata". Da na ɗan tasa aka dawo da ni wajensa a Yendi, shi ne ya bar ni na yi makarantar boko duk da surutun 'yan'uwa, ya ce gidan malami ma yana bukatar wanda zai karanta masa takardar gwamnati. Na iya Turanci daidai gwargwado. In wasiƙa ta zo, ko takardar asibiti, ni ake kira, ina karantawa yana kallon bakina yana murmushi. Daga baya na auri wani mai fataucin albasa, muka zauna a Bawku, nakan zo Yendi sau biyu ko uku a shekara.

A ɗaya daga cikin zuwan nan na tarar da Baba ya rame. Mma, mahaifiyata, ta ja ni ɗaki ta ce ya fi wata biyu ba ya cin tuwo sai koko, dasashinsa na jini, in ya tashi da safe matashinsa da ruwan ƙazanta. Da na fito na dube shi da kyau, na ga leɓensa na ƙasa ya kumbura har haɓa, yana magana yana kare baki da gefen rawani. Goro ma, da ba ya rabuwa da shi, sai an goga masa a jikin gwangwanin da aka huhhuda sannan ya zuba garin a baki. Na ce, "Baba, wannan ba na kanumfari ba ne." Ya ce wanzami ya duba ya ce ba zai taɓa ba, sun yi yawa. Na gaya masa akwai likitan haƙori da ke zuwa asibitin garinmu na Bawku ya yi 'yan makonni ya koma kudu, kuma yana nan yanzu. Ya ce wa zai bar wa masallaci? Na ce almajirinsa babba, wanda ya riga ya yi aure har da 'ya'ya, ai zai riƙe na kwana goma. Kwana uku ina fama da shi. A na huɗu zazzaɓi ya rufe shi har ya kasa fita sallar azahar, shi ne ya ce, "To, Uwata, kai ni."

Mun shiga motar kasuwa, irin mai katako a baya, direban ya ba Baba gaba don girmamawa, ni ina baya a kan buhunan masara. Hanyar ba kwalta, ga ramuka, ga hawan dutsen nan na wajen Gambaga inda mota ke nishi kamar za ta koma da baya. Duk inda aka tsaya sai in sauko in leƙa shi. Yana riƙe da haɓarsa da hannu ɗaya, carbi a ɗayan, bai ce wayyo ko sau ɗaya ba.

Likitan mutumin kudu ne, mai natsuwa, ba ya jin Hausa ko kalma guda. Ranar farko bai cire komai ba. Ya ce ba a cire haƙori a cikin irin wannan kumburi, allurar kashe zafi ma ba za ta kama ba. Ya sa aka auna jinin Baba, aka gano yana da ciwon suga, abin da ba wanda ya sani a gidanmu. Ya ba da ƙwayoyi na kwana biyar, ya ce a riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, mu dawo in kumburin ya sauka. Duk wannan na fassara wa Baba kalma da kalma, ban rage komai ba.

Da muka koma, kumburin ya faɗa. Likita ya sa ɗan ƙarfe yana taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana rubutu. Ya ce huɗu na gaba na ƙasa sun tafi, suna lilo a cikin ruɓaɓɓen dasashi, dole su fita, da matauni ɗaya, da biyu na gefe a sama. Sannan ya tsaya a kan manyan nan biyu na sama, na tsakiya, ya daɗe yana girgiza su. Baba ya ɗaga hannu, likita ya cire ƙarfen.

"Uwata, gaya masa na ƙasa ya ɗauka, na gefe ya ɗauka. Amma tambaye shi waɗannan biyun. Gaya masa aikina, gaya masa da su nake karatu."

Na gaya wa likita. Ya ajiye ƙarfen ya zauna, ya yi mini bayani a hankali, kuma har yau ina iya maimaita shi. Ya ce biyun nan ma sun kamu, ba za su daɗe ba. In an bar su, aka wanke su da kyau, aka kula da sugan, za su iya kai wata shida, wataƙila shekara. Amma ciwon zai iya dawowa, kuma ga mai suga da ke zaune nesa da likita, kumburin da ya gangara wuya ba abin wasa ba ne. Ya ce in shi ne, zai cire su yanzu, amma bakin na Baba ne, shi zai zaɓa. Na tambaye shi haƙoran roba fa? Ya ce sai dasashi ya warke, wata uku ko fiye, kuma sai an je Kumasi a gwada. Ya ce za su taimaka wajen ci da magana, amma kada in yi wa tsoho alkawarin cewa karatunsa zai dawo yadda yake.

Na juya na dubi Baba. Ya jingina a kujerar nan, ba rawani, hularsa a kan cinya, wuyansa ya zama siriri kamar na yaro. Na tuna yadda zazzaɓi ya kwantar da shi a Yendi, na tuna tsawon hanyar da muka biyo, na kuma san halinsa. In na ce masa shekara, zai ce a bar su, kuma ko sun ruɓe a bakinsa ba zai sake barin masallaci ya hau mota ba. Shekarata ashirin da 'yan kai, ina ganin na fi kowa sanin abin da ya dace.

Na ce, "Ya ce dole su fita yau, Baba. In an bar su ciwon zai sauka maƙogwaro. Amma ya ce za a yi maka na roba a Kumasi, karatunka zai dawo kamar da."

Ya dube ni, ya dubi likita. Ya ce, "Haka ya ce?"

Na ce, "Haka ya ce."

Ya rufe ido, leɓɓansa suka yi motsi kaɗan, sannan ya buɗe baki. Na ce wa likita Baba ya yarda.

Ba a yi ihu ba, ba wanda ya danne kowa. Allura ce a dasashi, aka jira har leɓe ya yi nauyi, likita ya taɓa ya ce in tambaye shi ko yana ji, Baba ya girgiza kai. Likita ya sa wani ƙarfe mai faɗin baki ya sassauta saiwar, sannan ya kama da abin cirewa ya murɗa a hankali. Na sama aka fara da su a ranar, na ƙasa sai bayan kwana huɗu. Abin da ban manta ba shi ne ƙarar faɗuwarsu a cikin tasar ƙarfe, ƙaramar ƙara, kamar an jefa tsakuwa a kwano. Jajaye ne saboda goro, dogaye, sun fi yadda na zata tsawo. Aka cusa masa auduga aka ce ya cije, kada ya tofa miyau, kada ya kurkure baki sai gobe, kada ya sha abu mai zafi. Baba ya nuna tasar da yatsa. Na gane, na roƙi likita ya ba mu. Da muka isa gida ya sa na haƙa rami a gindin katanga, ya nannaɗe su a farin ƙyalle ya binne da hannunsa.

Lafiya kam ta samu. Cikin mako biyu zazzaɓi ya tafi, warin bakin ya tafi, ya fara cin tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. Mijina ya ce na ceci ran tsoho, Mma ta sa mini albarka. Na mayar da shi Yendi da kaina, mutanen zango suka yi ta zuwa barka, kuma da yamma aka ce liman ya dawo, shi zai ja magariba.

Gidanmu na jikin masallaci, muna jin komai daga tsakar gida. Ina tsaye da buta a hannu na ji ya yi kabbara, muryar nan tasa ce, ba abin da ya taɓa ta. Sai ya fara karatu. Tun a kalmar farko harafin sin ya fito da iska, kamar ana hura wuta. Ya ci gaba, ya zo kan sadi, ta zame. Ya koma ya sake, ta sake zamewa. Ya kai ƙarshen raka'ar da ƙyar, a ta biyu ya ɗauko mafi gajartar abin da ya sani. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi tari ma. Shirun nan ya fi mini dariya ciwo. Mma ta zauna a bakin murhu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da lokacin lisha ya yi, aka tayar da iƙama, sai muka ji muryar almajirinsa. Daga baya aka ba mu labari cewa Baba ya kama hannunsa ya tura shi gaba. Almajirin ya ƙi, yana kuka, dattawa suka ce, "Malam, mu mun yarda da kai a haka." Baba ya ce musu shekara talatin yana koya musu cewa wanda ba ya iya fitar da harafi ba ya shiga gaban wanda ya iya, ba zai warware wannan don ya zo kansa ba. Ya koma sahun farko, daga dama, nan ya zama wurinsa.

An je Kumasi bayan damina, an gwada, an yi haƙoran. Farare tas, ba su yi kama da shi ba. Ranar da aka kawo su ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, muna jinsa yana gwada harafi ɗaya yana maimaitawa, tun hantsi har azahar. In ya matsa harshe sai na saman su motsa, su yi ƙas. Da ya fito ya zuba su a kofi da ruwa, ya ce wa Mma ta ajiye masa, zai riƙa sawa ranar idi don gaisawa da mutane. Bai ce mini komai ba a kan alkawarin da na ce likita ya yi. Ko sau ɗaya bai ce ba. Ya ci gaba da koyar da manyan ɗalibai fiƙihu a zaure, da murya ƙasa-ƙasa, amma gyaran haruffa ya bari. In wani ya zo da wannan bukata sai ya ce ya je wajen liman. Ya rage dariya, in abin dariya ya kama shi sai ya sunkuyar da kai.

Ya rayu shekara shida bayan haka. A shekarun nan na sha shirya maganar a cikin mota tun daga Bawku, in na iso na durƙusa na gaishe shi, ya ce "Uwata, kin sha hanya," sai in haɗiye. Nakan gaya wa kaina da ban yi haka ba da wataƙila bai ga yaye ɗana na fari ba. Wataƙila gaskiya ne. Amma ban taɓa iya zama a tsakar gida lokacin magariba ba, sai in ƙirƙiri aiki a bayan gida.

A ciwonsa na ƙarshe na zo na yi jinyarsa. Wata ranar la'asar ina dafa masa kunu a ƙofar ɗaki, Mma ta tafi gaisuwar mutuwa, gidan ba kowa sai mu biyu. Yana kwance a tabarma yana kallon rufi. Na bar tukunyar a wuta na shiga na durƙusa kusa da kansa.

"Baba, akwai abin da na ɓoye maka. Ranar nan a asibiti, ba abin da likita ya ce na gaya maka ba."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na ga maganarsa ta fi taki tsawo."

Na gaya masa duka. Cewa likita ya ce zaɓin nasa ne. Cewa bai yi alkawarin komai a kan na roba ba. Cewa biyun na sama za su iya ɗan jimawa in an bar su. Ina magana ina kuka, ina cewa tsoro na ji, ban so in rasa shi ba. Ya bar ni har na gama.

"Za su jima kamar yaya, ya ce?"

"Wata shida. Ko shekara."

"A wane wata muka je?"

Na faɗa masa. Sai na ga ya ɗaga hannun dama a hankali, yana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na kiran sunayen watanni. Ya naɗe huɗu ya tsaya. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Da sun kai azumi," ya ce.

Sannan ya ci gaba:

"Ba ƙi zan yi ba, Uwata. Ni ma ina son raina. Da na ce ya bar mini su in yi azumi ɗaya, in sauke Alƙur'ani da mutanena a bayana ina sane cewa na ƙarshe ne, bayan salla in dawo da ƙafata ya cire. Wanda na yi na ƙarshe ban san shi ne ba. Sauri ma na yi ta yi a cikinsa, saboda bakina na ciwo."

Na kifa kaina a gefen tabarmar na ce ya yafe mini. Ya ɗora hannun nan a kaina, yatsun huɗu har yanzu a naɗe, ya ce ya yafe tun kafin ya san mene ne, Allah ya yi mini albarka, ya ba ni 'ya'yan da za su ji tsoron rasa ni kamar haka. Sannan ya juya fuskarsa bango. Na ga kafaɗarsa tana rawa, ni da ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tashi, kununki na ƙonewa."

Na tashi na fita. Ya riga ya kama ƙasan tukunya. Ina tsaye ina kankarewa aka kira magariba, liman ya tayar da salla a bayan katangarmu, haruffansa tsaf, yadda aka koya masa. Daga cikin ɗaki na ji Baba yana binsa a hankali, da bakin da ya rage masa. Kwana tara bayan nan muka rasa shi.